'Yan Tsanan Ƙashi da Kika Aiko wa Hassana

Agege, Legas.
Watan Mauludi.

Zuwa ga Yayata, Hajiya Baiwa, a Ɗambatta.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, irin wadda ta kamaci ƙane ga yayar da ta goya shi, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, ke da maigida Malam Faruk da yara da jikoki baki ɗaya. Ina fatan ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi, kuma kina shafa maganin kamar yadda aka tsara miki, ba sai ranar da ya matsa ba. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne, Ya albarkaci amfanin gonar da kuke shirin girbewa. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Ubangiji. Rabi ta warware daga murar da ta kwantar da ita, Abba yana zuwa makaranta, ni kuma ina nan ina fama da sana'ar fata a kwata kamar yadda kika sani. Ruwan bana ya yi yawa har ya shigo mana tsakar gida, amma bai kai ɗaki ba.

Na san za ki ce me ya hana ni buga waya. Dalili shi ne, duk lokacin da na ɗauki waya domin in yi miki wannan magana, sai in fara ta daga tsakiya, in manta farkonta. Saboda haka na zaɓi in zauna in rubuta, in jera komai a muhallinsa. 'Yarki Ummukulsum ta karanta miki a hankali, kuma ina roƙonta kada ta tsallake ko layi ɗaya.

Maganar ita ce ta Hassana. Kin nemi in turo miki ita ƙarshen wannan wata tare da Nassirou direba, idan ya sauke albasarsa a kasuwar Mile 12 zai koma, domin ta zauna a wurinki ko canjin wuri zai yi mata magani. Na amsa miki a lokacin, duk da cewa raina bai so ba, domin uban da ya rasa 'ya ɗaya ba ya son ganin bayan ta biyu, ko da zuwa ɗakin yayarsa ne. To Yaya, ga amsata yanzu: Hassana ba za ta zo ba. Kada ranki ya ɓaci. Ba za ta zo ba ne saboda maganin da kike so ki ba ta a Ɗambatta kin riga kin aiko mata da shi har Agege, ko kin sani ko ba ki sani ba.

Abin da kika ji a waya game da halinta bai kai rabin abin da muka gani ba. Tun da Allah Ya karɓi ran 'yar'uwar tagwaitakarta Husaina a watan Sha'aban, Allah Ya jiƙan ta, Hassana ta koma kamar baƙuwa a ɗakin uwarta. Tana salla, tana amsa gaisuwa, idan an matsa ta ci loma biyu, shi ke nan. Keken ɗinkin da na saya musu bayan sun gama koyon aiki, wanda dā maƙwabta ke ƙorafin ƙararsa, ta rufe shi da zane ta ɗora tukunya a kai. Kin san yadda suka raba aikin a tsakaninsu: Husaina ce mai ido da almakashi, ita ke ƙirƙiro salo ta auna ta yanka, Hassana kuma ta hau keke ta haɗa. Masu kawo ɗinki suka yi ta zuwa suna komawa da kayansu har suka daina zuwa. Akwai kuma atamfa turmi biyu iri ɗaya, shuɗiya mai zanen ganye, da na saya musu domin ƙaramar Salla, tun da ba su taɓa yin Salla da kaya daban-daban ba. Tana nan a ƙasan akwati, babu wanda ya iya taɓa ta.

Ana cikin haka, bayan babbar Salla, sai ga Nassirou da ƙullinki. Da Rabi ta kwance, sai muka ga ƙyallaye, guntayen shadda da saƙi da leshi da atamfa, da 'yan duwatsun ado a cikin gwangwanin man shafawa. A ƙasa kuma ga 'yan tsana biyu na ƙashin ƙafar rago, waɗanda kika yi musu da hannunki shekarar da suka zo hutu suna ƙanana, kika manna musu baƙin zare a matsayin gashi. Ni ban ma san kin adana su ba. Ba zan ɓoye miki ba, na ce wa Rabi, Yaya ta manta cewa yarinyar nan ta kai munzalin aure, wa ke aika wa budurwa 'yar tsana. Rabi ta ce in bari mai kaya ta ga kayanta. Hassana ta ɗauke su ta shige ɗaki.

Kwanaki kaɗan bayan haka na dawo daga kwata na tarar da ita a bakin ƙofa, da allura da zare, ga almakashin Husaina a gefenta. Ta yi wa 'yan tsanan riga da zane da ɗankwali, kowane bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Daga nan abu ya ci gaba. Yau ta yi musu doguwar riga mai faɗin hannu, gobe buje mai tattara, jibi ta naɗa musu gwaggwaro irin na matan nan Legas, wanda ya fi kan 'yar tsanar girma. Ta warware tsohuwar wayar lantarki ta fitar da jan ƙarfen ciki ta murɗa awarwaro. Duwatsun da kika aiko ta shirya su sarƙa da jigida. Ta yanke murfin kwalba ta lulluɓe shi da leshi ya zama mafici. Kullum kuma kaya biyu take yi, ta zaunar da su gefe da gefe a kan taga. Na yi murna da ganin hannunta yana motsi, amma wannan biyun ya tsaya mini a rai, na rasa dalili.

Sai maƙwabciyarmu ta shigo cikin zancen. Sunanta Alhaja Kehinde, Bayarabiya ce, dattijuwa, tana sayar da dafaffen abinci a bakin gidanmu, ɗakinta yana kallon namu. Tun ranar da aka haifi yaran nan take kirana Baba Ibeji, wato uban tagwaye a yarensu. Bayan rasuwar kowa ya daina kirana da wannan suna, ban da ita, kuma duk lokacin da ta faɗa sai in ji kamar an taɓa mini gyambo. Wata ranar Alhamis da hantsi ta ga 'yan tsanan a taga, ta tsaya ta daɗe tana kallo. Da la'asar sai ga ta da kwanon dafaffen wake da manja, da guntun rake a kai, ta ajiye a ƙarƙashin tagar, ta dafa kan Hassana, ta juya tana share ido. Na tambayi Rabi ma'anar wannan, tun da ita ta fi ni jin Yarabanci da sanin al'adunsu. Ta ce a al'adarsu ta dā, idan ɗaya daga cikin tagwaye ya rasu, akan sassaƙa ɗan mutum-mutumi a madadinsa, a riƙa yi masa sutura, a dafa wake da manja saboda shi. Alhaja ta ɗauka abin da Hassana ke yi ke nan.

Yaya, kin san ni ban yi zurfi a karatu ba. Abin da na sani na tsince shi ne daga ƙananan ƙasidun da ake sayarwa a bakin masallaci, kuma ina riƙe da su da muhimmanci. Na ɗauko duk waɗanda suka yi magana a kan gumaka da surori da bidi'o'in makoki na baje a gabana. Wata ta tsananta, wata ta sassauta, wata kuma shafin da nake nema ruwa ya cinye shi. Na shiga tunanin ko 'yata ta ɗauki ƙashin rago ta mai da shi Husaina, a cikin ɗakina, ina kallo ina murna. Na hana kowa taɓa waken. Da na waiwaya neman kwanon domin in mayar, Rabi ta ce ai ta cinye tun ɗazu, kuma in ina son sanin gaskiya gishiri ya ɗan yi kaɗan. Ta ƙara da cewa na karanta takardu har sun yi mini yawa, amma fuskar 'yata da ke gabana ban karanta ba.

Duk da haka na ƙudura cewa zan raba ta da su, in kuma gaggauta turo miki ita. Da safiyar Juma'a, tana wanki a bayan gida, na ɗauke su daga taga da niyyar in sa a aljihu in fita da su. To kin san halin mai sayen fata: ba na iya riƙe abu ban juya shi ba, ban ɗaga shi ga haske na nemi huda ko tabo ba. Da na juya su sai na ga abin da ban lura da shi ba a duk kwanakin nan. Kayan ba iri ɗaya ba ne. Ƙyallen ɗaya ne, amma ta dama wuyan rigarta zagaye ne, hannun ya sauka sak, irin yankan da na saba gani a jikin yaran nan shekara da shekaru. Ta hagu kuwa wuyan ya karkata gefe ɗaya, hannu ɗaya ya fi ɗaya faɗi, kuma a ƙasan rigar akwai alamar an farke an sake, an farke an sake. Na buɗe gwangwanin da take tara waɗanda ta cire musu, na jera su biyu-biyu a kan tabarma. Na farko-farkon kusan babu bambanci. Amma ana tafiya ta hagu tana ƙara rabuwa da ta dama, har na ƙarshen in ba don ƙyallen ba ba za ki ce hannu ɗaya ya yi su ba. Ban gane ma'anar abin ba, sai dai na gane akwai abin da ban sani ba. Na mayar da komai yadda na same shi.

Bayan an sauko daga masallaci na tsayar da Malam Abdulwahid, wanda ke ba mu karatu, na zayyana masa komai, har da ƙasidun da na tafi da su a leda. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko na ga 'yar tsanar ta ci waken. Na ce a'a, Rabi ce ta ci. Ya yi dariya har ya riƙe gemu, ya ce to Allah Ya sa ya zauna mata lafiya, abincin maƙwabciya mai tausayi abinci ne. Ya ce malamai sun yi sauƙi a kan 'yar tsanar 'ya'ya mata, balle wadda ko fuska ba ta da ita. Abin da ake tsoro yana cikin zuciya ne, kuma zuciyar Hassana ba ta cikin ledar da na riƙo. Ya tambaye ni ko na tambayi yarinyar. Na ce ban tambaye ta ba. Ya ce to in koma gida, na tsallake malamar da ta san amsa na zo wurin wanda bai sani ba.

Na same ta a bakin ƙofa na zauna kusa da ita, abin da na daɗe ban yi ba. Na tambaye ta, a hankali yadda na iya, me ya sa kullum biyu. Sai ta yi magana mafi tsawo da na ji daga bakinta tun watan Sha'aban. Ta ce ta san Husaina tana inda Allah Ya kai ta, kuma addu'a take bukata, ba riga ba. Ta ce abin da ya hana ta hawa keke shi ne ba ta iya yanka ba. Duk rayuwarta yankakke ake miƙo mata, kuma idan ta ɗora almakashi a kan yadin mutane sai ta ji kamar ta shiga wurin da ba nata ba. Amma ƙyallen Gwaggo Baiwa, in ta ɓata shi babu wanda zai yi kuka. Ta ce idan suna cikin motar haya ta danfo za su kasuwar Oshodi sayen zare, Husaina ba ta rufe baki, duk macen da ta wuce sai ta ce, da ita ce telar, da ta sauke wuyan nan, da ta ɗaga hannun can. Waɗannan salon da Husaina ta faɗa ba ta samu ta yanka ba, su take yi wa ta dama, domin hannunta ya koyi hanyar. Idan ta zo kan ta hagu kuma, takan tambayi kanta, ita fa, da ita ce, yaya za ta yi. Ta ce da farko ba ta da amsa, shi ya sa suke kama. Na ce mata kawai Allah Ya yi mata albarka, na tashi na shiga ɗaki domin kada ta ga idona.

Rabi ta je ta yi wa Alhaja bayani cikin ladabi, ta gode mata. Alhaja ba ta ji haushi ba. Ta zo ta zauna da Hassana suka yi ta Yarabanci, ni ina tsintar ɗaya ina rasa uku, daga baya Rabi ta cike mini. Ashe ita ma 'yar tagwaye ce, sunanta ma abin da yake nufi ke nan, kuma ɗan'uwanta ya rasu suna yara. Ta ce mahaifiyarta ba ta taɓa ɗinka mata kaya ba sai ta yanki gefen ƙyallen ta ajiye wa wanda ya tafi, har ta girma tana jin ko rigar jikinta ba tata ce ita kaɗai ba. Ta ce wa Hassana ta riƙe 'yar'uwarta a addu'a, amma ta sa rigarta ita kaɗai, babu laifi a ciki. Kafin ta tashi kuma ta ɗauko 'yar tsanar roba ta jikarta, ta ce a taimaka a rufa wa wannan asiri, tun da aka sayo ta take yawo da ɗan guntun buje kamar ba ta da iyaye. Hassana ta yi dariya, Yaya. Da kunnena na ji. Ta yi mata riga da zane da gwaggwaro, Alhaja ta ajiye ta kusa da tukunyar abincinta tana nuna wa duk wanda ya zo saye. Yanzu mata na kawo 'yan tsanan 'ya'yansu, wasu kuma sukan tsaya a tagarmu su nuna ta hagu su tambaya ko za a iya yi musu irin wannan a babba.

Ni ma an ba ni aiki. Hassana ta ce kayan ba sa cika sai da jaka da takalmi, saboda haka nakan bi wurin masu jima in roƙi gefen fatar akuya mai laushi, wadda suke zubarwa. Nakan fefe ta da reza har ta yi siriri, in yanka mata tafin takalmi daidai faɗin farce. Abokan sana'ata sun sa ni gaba, wai Isiyaku ya bar ƙirgin shanu ya koma yi wa ƙashi takalmi, suna tambaya ko lamba nawa take sawa. Ina jin su ina murmushi. Na farkon da na yi ta mayar mini, ta ce ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, kuma da na auna na ga gaskiyarta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne ranar Talatar da ta wuce. Na dawo na ga tukunya a ƙasa, an yaye zanen da ke kan keke. Hassana ta buɗe akwati ta fito da atamfar nan turmi biyu. Ta shimfiɗa ɗaya a kan tabarma, ta auna jikinta, ta zana da alli, ta ajiye 'yar tsanar hagu a gabanta tana dubawa. Ni da Rabi muka tsaya a bakin ƙofa, babu mai motsi. Ta yi bisimilla ta yanka. Kafin magariba ƙarar keke ta cika gidan, har wani maƙwabci ya leƙo zai yi ƙorafi, Alhaja ta kore shi da ludayi. Rigar ta fito da karkataccen wuya kamar na 'yar tsanar. Kafaɗar hagu ta ɗan ɗage kaɗan, na lura, amma na kama bakina.

Ɗaya turmin kuma shi ne a cikin ƙullin da Nassirou zai ba ki tare da wannan takarda. Hassana ta ce a ba Ummukulsum, ta kai wa telan da take so, ta zaɓi salon da ranta ke so, kada ta tambayi irin wanda aka yi a Legas. A cikin turmin za ki ga 'yar tsanar dama, sanye da kaya na ƙarshe cikin waɗanda Husaina ta faɗa, da jaka da takalmin da na yanka. Ta ce ta gama koyon abin da za ta koya daga gare ta, ki mayar da ita inda kika adana ta shekarun nan, ta hagu kuma tana nan wurinta suna aiki. Ni dai abin da zan ƙara shi ne ki duba da kyau, ba a yi mata fuska ba, kuma ba ta bukatar wake.

Yaya, ban san irin godiyar da zan yi miki ba. Ni da nake kwana gida ɗaya da yarinyar nan na rasa ƙofar da zan shiga, ke kina Ɗambatta kika tuna da ƙashin ragon da kika wanke tun suna ƙanana. Allah Ya saka miki da mafificin alheri, Ya jiƙan iyayenmu, Ya jiƙan Husaina, Ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da haka. Roƙona ɗaya ne: idan kin samu sarari ki tara mana ƙyallen saƙi, baƙi da fari, domin nan ba a samunsa, kuma Hassana ta ce akwai wata riga da take gani a ranta wadda ba za ta yiwu da wani abu ba sai shi. Idan Allah Ya kai mu babbar Salla za ta zo ta gaishe ki da ƙafarta, ziyara ba jinya ba.

Ki miƙa gaisuwata ga Malam Faruk, da Kawu Shitu da iyalinsa, da Inna Mero, ki ce mata saƙon man ƙafarta yana tafe. Ina gaida Abdulrauf da amaryarsa Safinatu, da Ummukulsum mai karatu, Allah Ya ba ta ladan haƙuri da dogon rubutuna. Rabi tana gaishe ki ƙwarai, Abba ma haka. Hassana ta ce a gaida Gwaggo, ba ta iya tsayawa ta faɗi fiye da haka ba domin tana kan keke. Alhaja Kehinde ma ta ce lallai in gaishe ki, ko da ba ku taɓa haɗuwa ba. Ɗazu da zan shigo ta ɗaga murya daga bakin tukunyarta ta kira ni Baba Ibeji kamar kullum, na juya na amsa mata da ƙarfi.

Wassalamu alaikum.

Ƙaninki mai yi miki addu'a a koyaushe,
Isiyaku Sunusi.